Sawu a Ɗanyen Siminti

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa, aka wayi gari da ɓaraka a shingen wayar da ya raba unguwa da layin dogo. Ba wanda ya lura da ita sai da hantsi, lokacin da jirgin gwaji ya kwarara jiniya, ya ja birki har ƙasa ta girgiza. Kurma mai faskare ne ya ga hanya a buɗe ya bi, gatarinsa a kafaɗa. Bai ji jiniya ba, bai ji ihun mutane ba. Gefen jirgin ya make shi, ya yar da shi kan tsakuwa. An kwashe shi da rai, amma waɗanda suka ga ƙafarsa ta dama ba su son ba da labari.

Tashar tana ƙetaren layi ne, har ana hango rufinta daga ƙofar gidaje. Mutanen unguwa sun daɗe suna ɗokinta, don mai zuwa aiki cikin gari sai ya sauya mota kashi-kashi kafin ya isa. Sai dai hanya biyu kawai aka bar musu: ko ka hau gadar sama mai matakala kamar ba za ta ƙare ba, ko ka zagaya can mashigar motoci, tafiyar da ke cinye wa mutum safiyarsa.

Manajan tasha ya tsaya a bakin ɓarakar yana share gumi. Ya ce in dai ɓarna za a riƙa yi, kamfani na iya ɗage buɗewar, ko ma jirgi ya riƙa wuce unguwar bai tsaya ba. Nan hankalin kowa ya tashi. Mai unguwa ya ce a kira Baba Mai Sawu.

Tun wurin nan yana gonaki Baba Mai Sawu ke bin sawun ɓarayin dabbobi. Da gari ya cinye gonakin sai aikin ya ragu, ya koma kiwon tattabaru, jefi-jefi a kira shi in an sace babur ko an haura katanga. Ya zo da sandarsa, ya tarar an tattake wurin kamar an ci kasuwa. Ya durƙusa ya daɗe yana dubawa. A gindin shingen, inda ƙafa ba ta kai ba, ya ga guntun layin taya.

"Baba, me ka gani?" in ji mai unguwa.

Jama'a sun zuba masa ido, shi kuma an daɗe ba a zuba masa ido haka ba. Sai bakinsa ya riga shi.

"Wani abu mai taya ya bi ta nan. Kamar kura."

"Kuma wayar da aka yanke babu ita," in ji wani daga baya. "Wa ke tura kura yana sayen ƙarfe a unguwar nan?"

Ba wanda ya faɗi suna. Juyawa kawai aka yi.

"Ku dakata, ban ce shi ba ne," in ji Baba. Muryar ba ta wuce gemunsa ba.

Kafin ya ja ƙafa ya isa filin Mai Gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, rumfar ta kama da wuta, mutumin yana kwance da karyayyen hannu, 'yan sanda na ƙwatarsa daga hannun maƙwabtan da suka shekara suna gaisawa da shi.

*

Da wurin ya watse, Baba ya tsaya kan kurar Mai Gwangwan, wadda aka kifar gefen toka. Ya ɗora tafin hannu a kan tayarta. Tsohuwar tayar babur ce mai faɗi. Layin da ya gani a gindin shinge kuwa bai fi yatsa biyu ba.

A ofishin 'yan sanda, Sufeto ya saurare shi har ya gama.

"Baba, ni ma ban ga wayar a kayansa ba. Amma in na sake shi yanzu, su za su ƙarasa shi. Kawo mini wanda ya yi, da hujjar da mutane za su gani da idonsu."

Ta ƙofar da ke buɗe Baba ya hango Mai Gwangwan zaune a benci, an ɗaure masa hannu da tsumma. Baba ya fita ta gefen bango, kansa a ƙasa, don kada su haɗa ido.

*

Ya fara da maigadin tasha. Mutumin ya rantse ya sake rantsewa cewa bai gusa ba, har Baba ya nuna masa da sanda inda sawun takalminsa ya miƙe zuwa teburin mai shayi.

Maigadi ya sosa kai. "Daga sallar asuba nakan ɗan tsaya in sha ruwan zafi. Sanyi ne, Baba. Don Allah kada manaja ya ji, ina da iyali." Ya rage murya. "Amma jiya da yamma na ga shugaban masu babur yana zagaya wurin nan, yana auna ƙasa da ƙafa."

Shugaban masu babur na haya yana kishingiɗe a kan babur ɗinsa lokacin da Baba ya same shi. Da ya ji zancen sai ya tuntsire da dariya, sannan ya tuna da Kurma ya haɗiye ta.

"Haba Baba! Wurin da za mu kafa rumfa nake dubawa. Shingen nan ai shi ne abincinmu. Duk wanda gada ta gagara, mu za mu zagaya da shi. In huda shi in ci me? Ni da za su ƙara masa tsawo ma, da na taya su haƙa rami. Ka nemi wanda ko babur ba zai iya hawa ba."

Baba ya yi masa sallama. Maganar ƙarshen nan ta bi shi har gindin gada.

*

Ya hau gadar yana hutawa a hanya, gwiwoyinsa na ƙara. A wancan ɓangaren jama'a ba su tattake komai ba. Ya bi gefen layi har ƙarshen dandamalin da fasinja ke tsayawa, inda ya gangaro ya haɗu da ƙasa. Wani magini na tsugune a wurin yana kwaɓa siminti yana mita.

"Dubi aikin banza, Baba. Jiya da magariba na zuba shi sumul, yau na tarar an bi ta kai."

Baba ya sunkuya. Layi huɗu ne a cikin simintin: biyu sirara a gefe, biyu ƙanana daga ciki. Keken mara lafiya ne. Bai nutse sosai ba, ashe ba kowa a kansa. Ya hau, ya juya, ya koma. A tsakanin layukan kuma ga sawun mai turawa: ƙaramin silifa, ƙafar hagu ta karkata ciki, dunduniya da ƙyar take taɓa ƙasa.

Ya san ƙafar nan. Ya bi ta a turɓaya tun tana tatata, duk lokacin da ta sulale daga gida ta bi 'yan awaki. Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aure a layin bayan makaranta, tana jinyar uwar mijinta.

Ya zauna daɓas a gefen dandamali.

"Lafiya, Baba? Gadar ce ko? Kowa ya hau sai ya zauna." Magini ya cika kwano da siminti. "Matsa kaɗan in shafe shi, kafin manaja ya gani."

Baba ya matsa. Ya ga mutumin ya ɗebo simintin, ya ga ya kai hannu. Ba wanda ya ga sawun nan sai su biyu, ɗayan kuma bai san abin da ya gani ba. Simintin farko ya faɗa kan layin taya, ya rufe shi. Magini ya sake ɗebowa.

"Dakata," in ji Baba.

"Na'am?"

"Bar shi haka. Ɗora katako a kai. Sufeto zai zo ya gani."

*

Rabon da ya taka gidan surukinsa tun sunan ɗansu na fari. Ya yi sallama daga waje har sau biyu. Mai Walda, mijin Auta, yana wurin aiki. Daga ɗaki Inna, uwar mijin, ta amsa da muryar da ciwo ya cinye, suka gaisa ta bayan labule, kowa na tambayar lafiyar kowa. A tsakar gida ga keken nan an jingine, an wanke shi tas har yana ɗigar ruwa. A cikin zanen tayar akwai sauran siminti da ruwa bai fitar ba.

Auta ta fito ta durƙusa. Ba ta ɗago ba, shi ma bai zauna ba.

"Ina wayar?" ya tambaya a hankali, don kada Inna ta ji.

"Tana bayan tankin ruwa."

"Mijinki ya sani?"

"Sai da rana ya ga almakashinsa na ƙarfe ba inda ya ajiye ba."

Ita ta ci gaba da kanta, tana murza bakin mayafi.

"Baba, ka san wankin ƙodar Inna ba a fashi. Masu mota in sun hango keke sai su ƙara wuta. Ran da aka dace, sai na goya ta na shigar, tana kuka tana ba ni haƙuri. Da aka ce jirgi zai riƙa tsayawa dab da asibiti, har barci na yi mai daɗi. Sai na ga gadar. Na je ofishinsu har na gaji, kullum a ce ana dubawa. Na ce bari in gwada ko keke zai iya tsallaka layin, in ya yiwu Abban yara ya yi mana 'yar ƙofa mai kwaɗo, ba wanda zai sani. Niyyata in koma in ɗaure wayar kafin mutane su fito. Ina shigowa na tarar Inna ta faɗo daga gado tana amai. Ban sake tunawa ba sai da na ji birki."

"Da aka tafi wurin Mai Gwangwan fa?"

"Ta ƙofar nan suka wuce. Na ji ihunsa, Baba. Ina tsaye bayan ƙyaure, hannuna a kan sakata. Ban buɗe ba."

Ya so ya yi mata faɗa, ya fasa. Shi da ya ce kura, da wane ido zai dube ta?

"Gobe da hantsi za a taru a tasha," ya ce. "Zan faɗi abin da na gani."

Bai ce ta zo ba, bai ce kada ta zo ba. Ya ɗaga murya ya yi wa Inna Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

*

A ɗakin jiran fasinja aka taru, kan sababbin kujerun da ko ledarsu ba a cire ba. Sufeto na gaba, manaja da mai unguwa a gefensa. Ga maigadi, ga shugaban masu babur, ga Mai Gwangwan a kusurwa da hannu a rataye. Mutanen unguwa sun cika ƙofa da tagogi. Mai Walda yana tsaye can baya da kayan aikinsa a jiki.

Baba ya miƙe, ya dogara sanda.

"Kafin komai, jiya na yi magana ban tabbatar ba. Na ce kura, ba kura ba ce. Bawan Allahn nan ba shi da hannu a ciki. Bakina ne ya karya masa hannu, ya ƙone masa rumfa. Ina neman gafararsa a gabanku."

Ya wanke maigadi da shugaban masu babur a taƙaice, sannan ya faɗi abin da ke ƙarƙashin katako a ƙarshen dandamali, wanda Sufeto ya riga ya gani: keken mara lafiya, da sawun mai turawa.

Irin keken nan nawa ne a unguwar? Kawuna suka fara juyawa baya.

"Ni ne," in ji Mai Walda. Ya ratso mutane ya zo gaba. "Keken mahaifiyata ne, almakashina ne. Ni na yanke. A tafi da ni."

Sufeto ya dubi Baba. "Haka ne?"

Tun da yaron nan ya auri 'yarsa, Baba bai taɓa musa masa magana ba, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Ga shi yanzu ya miƙo masa hanyar tsira da hannu biyu. In ya gyaɗa kai, Auta za ta kwana a ɗakinta. Ya dubi manyan takalman walda da ke ƙafar surukin nasa, ya daɗe yana dubansu.

"Sawun da ke cikin simintin," ya ce, "bai kai rabin wannan ba."

"Baba, don Allah," in ji Mai Walda, murya ƙasa-ƙasa.

"Zauna, Abban yara."

Auta ce a bakin ƙofa. Ta rungumo wayar a naɗe, ta shigo mutane na darewa, ta ajiye ta gaban Sufeto. Ta faɗi abin da ta faɗa wa mahaifinta, ba ta rage ba, har da tsayuwarta bayan ƙyaure. Da ta zo kan zuwanta ofis, manaja ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya shiga gyara hularsa.

Sai aka ji muryar Mai Gwangwan daga kusurwa, ba da ƙarfi ba.

"To, ga mai laifi an samu. Ina masu sanduna? Ko yau hannu ya yi nauyi?"

Waɗanda ke tagogi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya ƙura wa tayil ɗin ƙasa ido kamar an ba shi aikin ƙirga shi. Sufeto ya ce shi bai manta da masu sandunan ba, zai bi su gida-gida. Sannan ya ce wa Auta ta biyo shi. Ta wuce ta gaban mahaifinta, ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba, ta fita.

*

Ba a ɗage buɗe tashar ba. An ɗinke shingen, an yi masa fenti. Kurma ya rayu, amma an yanke ƙafar, shi ma yanzu gadar ta fi ƙarfinsa. Manaja ya ce ya rubuta wa na sama a kan a yi gangara ta masu keke, sun ce ana dubawa. Auta tana tsare, ana jiran ranar shiga kotu.

Ranar buɗewa ta faɗo a ranar wankin ƙodar Inna. Ana can ana jawabi da tafi, Baba ya iso ƙofar gidan surukinsa ba tare da an aika masa ba. Suka gaisa. Mai Walda ya turo keken har gindin gada, ya kama gaba, Baba ya ba wata mata riƙon sandarsa ya kama baya. Suka fara hawa, suna ajiyewa suna ɗauka. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, tana ta cewa, "Ku yafe mini, ku yafe mini." A tsakiyar gada numfashin Baba ya sarƙe. Wasu maza biyu suka sa hannu. Ya gane ɗayansu, yana cikin waɗanda suka ɗauki sanda ran nan. Har aka sauka mutumin bai ɗago kai ba.

A kan dandamali ya hango Mai Gwangwan tsaye shi kaɗai, da ƙullin kaya a gabansa. Baba ya ƙarasa wurinsa.

"Tafiya za ka yi?"

"Wurin ƙanena, can ƙarshen layi."

"Mun yi magana da mai unguwa. Za a tayar maka da rumfa, ni zan fara kawo itace."

"Na ji. Allah ya saka." Ya gyara ratayen hannunsa. "Kai ka nemi gafara a gaban mutane, Baba, na kuma yafe. Amma wanda ya fara sauke mini sanda, ni na haɗa wa ɗansa keke daga cikin tarkacena, ban karɓi komai ba. In na zauna, kullum da safe sai ya gaishe ni, ni kuma sai na amsa. Ba zan iya ba."

Jirgi ya shigo, aka ɗau guɗa da tafi. Baba ya sunkuya zai ɗaukar masa ƙullin, mutumin ya riga shi da hannu mai lafiyar, ya nufi taragon gaba.

Suka shigar da Inna, suka kafa keken kusa da taga. Baba ya zauna a gefe guda, surukinsa a ɗaya gefen, kowa na kallon gabansa. Jirgin ya ɗaga sumul, ba girgiza ba hayaƙi, mutane sai murna suke suna ɗaukar hoto. Inna ta sauke mayafinta, ta daɗe tana kallon rufin gidaje na wucewa.

"Da yarinyar nan ce," ta ce, "da yanzu ta sa mini matashi a baya. Ko an ba ta abinci a can?"

Mai Walda ya juyar da fuska wajen taga. Baba ya cire babbar rigarsa, ya ninke ta, ya tura a hankali tsakanin bayan tsohuwar da keken.

"In mun dawo zan kai mata," ya ce.